KIWO A GIDAN HAYA: YADDA AKE SHAWO KAN MAI GIDA

A cikin sharuɗɗan da masu gidajen haya ke gindaya wa 'yan hayarsu a manyan biranen ƙasar nan, akwai guda ɗaya da ba a cika yin gardama a kansa ba ranar biyan kuɗi, amma kuma shi ne kan haddasa cacar baki bayan 'yan watanni. Sharaɗin kuwa shi ne, ba a kiwo a gidan nan. Wani mai gidan a rubuce yake ba da shi cikin takardar yarjejeniya, wani kuwa da baki yake faɗa, a tsaye a ƙofar gida, yana miƙa makulli. Ɗan haya, wanda ya sha yawon neman gida har ya gaji, sai ya ce ya ji kuma ya yarda, alhali kuwa a zuciyarsa ya san akwai kaji 6 da akuyar uwargida da ke jiran a zo a kwashe su.

Kiwo a wurin Bahaushe ya wuce abin marmari. Akuyar da mace ta ɗaure a turke ita ce asusunta, ranar da yaro ya kwanta ciwo ko aka koro shi daga makaranta saboda kuɗi, ita ake ja zuwa kara. Ma'aikaci mai ƙaramin albashi kan so ya sayi ɗan rago tun da sauran wata 5 ko 6 kafin Babbar Salla, ya riƙa ba shi dusa da harawa a hankali, domin ya san yadda farashi ke tashi da zarar watan Zulhajji ya kama. Yara kuwa, tsakaninsu da tattabaru da zomaye sai wanda ya gani. Ban da waɗannan akwai masu ajiye dabba domin sha'awa da ɗebe kewa kawai, kamar kyanwa da aku da kanari, akwai kuma masu ajiye kare domin gadi.

A gidan gado babu mai tambayar mutum dalilin kafa turke. Haka nan a da, ma'aikacin gwamnati da ya samu gida a kwatas yana da fili a bayan gida wanda zai ishe shi akurki da ɗan lambu. Amma tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus na ma'aikata ya zama kuɗi a cikin albashi, ta kuma shiga sayar da gidajenta, musamman a Abuja daga 2005, ma'aikatan tarayya da dama sun koma hannun masu gidajen haya. Ɗalibai ma haka abin yake, wanda bai samu ɗaki a cikin jami'a ba sai ya kama a Samaru ko Rijiyar Zaki. Duk waɗannan, in suna son dabba, sai da yardar wani.

Abin Da Doka Ta Ce

Harkar haya a Nijeriya al'amari ne na jihohi, kowace jiha da dokarta, Abuja kuma da tata. Dokokin nan, kamar Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 da dokar karɓar gida da ake aiki da ita a Abuja, sun mai da hankali ne kan kuɗin haya da notis da hanyar fitar da ɗan haya. Ba su ba shi haƙƙin ajiye dabba ba. Saboda haka abin da aka ƙulla a yarjejeniya shi ne abin da alƙali zai duba. A fiƙihu ma haka ne, sharaɗin da mutum ya karɓa da bakinsa lokacin ƙulla haya ya hau kansa, inda kuma aka yi shiru sai a koma ga al'adar wurin.

Gaskiya ne mai gida ba shi da ikon ya ɓalle ƙofa ya watso kayan mutum waje don ya ga akuya a tsakar gida, sai ya bi ta kotu. A ƙarƙashin dokokin nan biyu, in ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai hayar shekara yana da notis na wata 6, mai hayar wata yana da na wata 1, kana a biyo da wata takarda ta kwana 7. To, amma mai gida yana da makamin da ya fi wannan sauƙi, watau ya ƙi sabunta haya. Idan yarjejeniyar ta ƙayyade ranar ƙarewa, ranar na cika abin da ya rage wa ɗan haya shi ne takardar kwana 7 ɗin nan. Daga nan sai neman sabon gida, da kuɗin shekara guda a dunƙule, da la'adar dillali wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin motar kwasar kaya, wani lokaci har da sauya wa yara makaranta. Mai karatu na iya auna wannan da kuɗin kaji 6.

A wasu ƙasashen doka ta tsoma baki. A Faransa, wata doka ta 9 ga Yuli 1970 ta ce duk sharaɗin da ya hana ɗan haya ajiye dabbar gida, a ɗauka kamar ba a rubuta shi ba, muddin dabbar ba ta yi ɓarna a gini ba kuma ba ta dami sauran mazauna ba. A 1999 aka ware karnuka masu haɗari, aka ce su mai gida na iya hana su. A Jamus, Kotun Ƙolin Tarayya da ke Karlsruhe ta yanke hukunci ranar 20 ga Maris 2013, a shari'ar wani ɗan haya na garin Gelsenkirchen mai ɗan karen da tsayinsa bai wuce santimita 20 ba, cewa sharaɗin da ya hana kare da kyanwa kwata-kwata a takardar haya ta gama-gari ba shi da inganci, wajibi ne a duba kowace magana bisa halinta. A Ingila kuwa, dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a watan Oktoba 2025 ta tanadi cewa ɗan haya ya nemi izini a rubuce, mai gida ya ba da amsa cikin kwana 28, kuma ba zai ƙi ba sai da dalili mai ƙarfi.

Abin lura a nan shi ne, ko a ƙasashen da doka ta goyi bayan ɗan haya, togaciyar da aka yi iri ɗaya ce, watau ɓarna da damun maƙwabta. Su ne kuma abin da ke ran Alhajin da ya gina ɗakuna 8 a Tudun Wada ya zuba 'yan haya. Bambancin kawai shi ne, can alƙali ne ke auna su, nan kuwa ɗan haya ne zai auna su da kansa, ya kai wa mai gida amsa tun kafin ya tambaya.

Tsoron Mai Gida

Masu gidaje da yawa da ke hana kiwo su ma makiyaya ne, a gidajensu akwai raguna. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya gina gida da guminsa, buhun siminti bayan buhun siminti, ya san abin da fitsarin tumaki ke yi wa daɓe. Yana ratsa siminti, warinsa ba ya fita ko an wanke, a hankali kuma ya cinye filastar gindin bango. Rago yana soshe-soshe a jikin gini, yana tunkuyin ƙofa. Kashin awaki da ragowar harawa su suke toshe kwata, damina na sauka ruwa ya kwanta a tsakar gida, sauro ya samu wurin zama, duba-gari kuma in ya zo mai gida zai nema. Tattabaru kan shige silin su yi sheƙa, kashinsu ya sa kwanon rufi tsatsa. Bunsuru kuwa ba sai an yi bayani ba.

Na biyu, dabba ba ta tsayawa ɗaya. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, sau da yawa kuma tagwaye take haifa. Kyanwa wata 2 ne, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Wanda aka ba izinin akuya guda a bana, baɗi war haka garke gare shi, kuma kowace a cikinsu ya san ranar haihuwarta, ba ya son rabuwa da ita.

Amma abin da ya fi tsaya wa masu gidaje a rai shi ne rigima. A gidan da iyalai 6 ko 8 suka haɗa tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, kaza ba ta san shanyar wa take tonawa ba. Yau akuya ta cinye geron da maƙwabciya ta shanya, gobe kyanwa ta ɗauke kifin miya, jibi zakara ya hana mai aikin dare barci. Zabi ma, in suka fara kuka, ba mai sa su yi shiru. Matan gida su yi, mazaje su shiga, a ƙarshe a ɗunguma wurin mai gida ya raba gardama. Dattijon da ya gina gida domin ya huta a tsufansa ba ya son ya koma alƙali. Ya kuma san cewa ranar da ya ba mutum ɗaya izini, sauran ma za su kafa nasu turakun. Da wannan lissafi, cewa a'a ita ce amsar da ba ta cin kuɗinsa ko kwabo. Aikin ɗan haya shi ne ya nuna masa cewa in ya ce to, ita ma ba za ta ci masa kome ba.

Lokaci Da Hanya

Lokaci biyu ne maganar ta fi karɓuwa. Na farko shi ne kafin a biya kuɗi, sa'ad da ɗaki ke rufe babu kowa, mai gida na son ya ga kuɗinsa, mai nema kuma yana riƙe da su. Na biyu shi ne lokacin sabunta haya, bayan mutum ya yi shekara ɗaya ko biyu yana biya kan kari, ba a taɓa kai ƙararsa ba. Wanda ake bi bashin haya ya bar maganar tukuna, domin mai gida zai ce ashe akwai kuɗin rago. Mafi munin lokaci kuwa shi ne bayan dabbar ta riga ta kwana a gida. A nan maganar ta tashi daga neman alfarma ta koma ba da haƙuri, mai gida kuma zai ji an raina shi. Masu shigo da kyanwa cikin kwali da dare suna mantawa cewa a gidan haya babu sirri, yaran gida za su kai labari kafin la'asar.

Kada kuma a dogara da maganar dillali. Shi la'adarsa yake nema, in an tambaye shi zai ce ba kome, ku dai shiga, Alhaji ba shi da matsala. Ranar da matsala ta taso ba za a gan shi ba. Mai gida da kansa ake nema, in kuwa gidan magada ne a binciki wanda suka wakilta, domin izinin ƙane ba ya hana yaya tayar da magana. In lauya ne ko kamfanin kula da gidaje ke riƙe da gidan, to wasiƙa ake rubutawa, a ajiye kwafi.

Ba aibi ba ne mutum ya nemi ɗan rakiya. Limamin masallacin unguwa, ko abokin mai gida, ko tsohon ɗan hayan da ake ganin girmansa, kalmarsa guda ta fi goma ta baƙo. In mai gidan Hajiya ce, sau da yawa ya fi kyau uwargida ta je, mata su yi maganarsu. A gaisa sosai, a tambayi iyali da kasuwa, kana a shiga magana da irin lafazin da aka saba: "Alhaji, ranka ya daɗe, wata alfarma na zo nema. In ta samu na gode, in ba ta samu ba ma na gode." Wannan lafazi yana da amfani, domin ya bar wa dattijo girmansa, ya nuna masa an san gidansa ne. Ɗan bokon da ya fara da karanto wa mai gida abin da ake yi a Faransa ya kashe maganarsa da kansa.

Kafin a je ma, ya kamata a fara da maƙwabta. Tambayar farko da mai gida zai yi ita ce, sauran mutanen gidan fa? Wanda ya iya cewa ya zagaya ɗaki ɗaki kowa ya amince, har ga Malam wane yana iya shaida, ya ci rabin tafiya. In akwai mai asma a gidan, ko jariri, ko wadda ke sana'ar abincin sayarwa a tsakar gida, gara a sani tun da wuri.

Daga nan sai a faɗi magana dalla-dalla. Cewa ana son a ɗan yi kiwo ba magana ba ce, domin ba ta da iyaka. A ce kaji 5 ne, babu zakara, a cikin akurki na waya a lungun bayan kicin, ba za a sake su ba. Ko a ce rago ɗaya ne, daga watan Rajab zuwa ranar Salla, a turke, an shimfiɗa katako da yashi a ƙarƙashinsa don kada fitsari ya taɓa siminti, ana sharewa safe da yamma. In akuya ce, a faɗi abin da za a yi da 'ya'yan, watau ana yaye su za a sayar ko a aika ƙauye. In namiji ne a ce taure ne, an dandaƙe shi. Mai gidan da ke noma, a yi masa tayin taki, buhu buhu, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san kuɗin takin zamani.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kwance ƙulli. Masu gidaje da dama a birane sun saba karɓar kuɗin ajiya domin gyaran ɓarna. Ɗan haya na iya cewa da kansa a ƙara wani abu a kan wannan ajiya saboda dabbar, da sharaɗin a ba shi rasit, a kuma mayar masa ranar tashi in ba a ga ɓarna ba. Wannan ya fi a bari a ƙara kuɗin haya, domin ajiya tana dawowa, ƙarin haya kuwa ya tafi ke nan, kuma daga kansa za a ɗora na baɗi. Yana da kyau a ɗauki hoton bango da daɓe da ƙofofi da wayar hannu ranar da aka yi maganar, kowa ya riƙe nasa. Mai gidan da har yanzu yake ɗari-ɗari, a roƙe shi gwaji na wata 3, ya zo ya duba duk ranar da ya ga dama, in bai gamsu ba a fitar da dabbar cikin mako 2 ba tare da gardama ba. Da wuya dattijo ya ƙi abin da yake da ikon janyewa.

A Ingila masu neman gida kan haɗa wa dabbarsu 'yar takarda mai ɗauke da hotonta da shekarunta da shaidar allurar rigakafi da wasiƙa daga tsohon mai gida. Hoton kyanwa zai ba Alhaji dariya, amma sauran biyun suna da amfani a ko'ina. Lambar wayar tsohon mai gida wanda zai ce mutumin nan ya zauna shekara 4 da kajinsa ya bar gida tsaf, ta fi kowace rantsuwa.

In an samu amincewa, a rubuta. Layi uku sun isa a ƙasan takardar yarjejeniya ko a wata takarda dabam: irin dabba da adadinta, wurin da za ta zauna, wanda zai biya ɓarna, da wa'adin fitar da ita in an saɓa. Mai gida ya sa hannu, shaida ɗaya ya sa. Wasu na jin nauyin neman dattijo ya sa hannu bayan ya ba da kalmarsa, sai su ga kamar rashin yarda ne. Amma gida yana canja hannu, ana sayarwa, ana rabon gado, kuma sabon mai gida bai ji alkawarin da aka yi a zaure ba.

Kyanwa Da Kare

Mai kyanwa yana da hujjar da sauran ba su da ita. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Barno ta yanzu, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma kowace shekara da rani yana kashe mutane a ƙasar nan. A cikin matakan kariya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zayyana, tare da rufe hatsi da nisanta shara daga gida, har da ajiye kyanwa. Ɓera kuma shi ne mai cinye wayar lantarki a silin, mai haƙa rami a gindin bango. Ta fuskar addini ma babu ƙyama, sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo laƙabinsa. Abin da ke ɓata wa kyanwa suna a gidan haya shi ne muzuru mai fesa fitsari a ƙofofin mutane da kukan dare lokacin barbara. Likitan dabbobi yana maganin duka biyu da ƙaramin aiki na hana haihuwa, wanda ake yi a asibitocin dabbobi, har da na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kwandon yashi a lungu domin bahayarta ya cika sauran.

Kare dai shi ne babbar magana. Mai gida Musulmi na iya cewa ba ya son kare a gidansa saboda addini, kuma wannan ba abin da za a yi masa dariya ba ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan yanki, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma an hana ajiye shi a gida haka kawai, an yi rangwame ne ga mafarauci da makiyayi da mai gona. Malamai na baya sun faɗaɗa rangwamen zuwa gadin gida idan akwai tsoro. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Duk da haka ɗan haya kada ya je da niyyar kayar da mai gida a muhawarar fiƙihu. In dalilin gadi ne, a faɗe shi a sarari, a ce karen a waje zai zauna, a ɗakinsa, a ɗaure da rana, nesa da wurin alwala da randar ruwa. A gidan da mutum yake shi kaɗai cikin katanga a bakin gari, inda ɓarayi ke cire mitar wuta da famfo da tagogi, mai gida na iya ganin kare ribarsa ce. A gidan haɗaka mai yara da yawa kuwa, gaskiyar magana mai gidan da ya ƙi ya fi mai roƙon hujja.

Dalili shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Allurar rigakafi ga kare ita ce kariya, ana fara ta tun yana ɗan wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa ta. Wanda ba shi da katin allurar karensa da sa hannun likita bai kai ga zuwa wurin mai gida ba tukuna. Kyanwa ma tana kamuwa, ita ma a yi mata. In kuwa tsautsayi ya sa an yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a tsare dabbar ana lura da ita kwana 10. Kuɗin maganin kuma mai kare ne zai biya, ya kamata ya faɗi haka da bakinsa tun ranar neman izini.

Akwai wata tambaya da ɗalibai musamman ba sa shirya mata, ita ce wa zai kula da dabbar in ba ka nan? A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakunan haya na ɗalibai suka kasance a kulle. Ko babu yajin aiki akwai dogon hutu. Ma'aikaci ma akwai hutun shekara, akwai kwas, akwai canjin wurin aiki da kan zo ba zato. Zomayen da aka bari a keji, ko kyanwar da aka kulle a ɗaki, alhaki ne a kan mai su, kuma mai gida ne zai tarar da abin da ya biyo baya. A kai masa sunan wanda zai karɓi dabbar, ya san shi, ya san inda yake.

Bayan duk wannan mai gida na iya cewa a'a. Wani ya taɓa ƙonewa da wani ɗan hayan, ba ya son ya sake. A irin wannan hali a yi godiya kamar yadda aka yi alkawari, a bar ƙofa a buɗe, domin wanda ya karɓi a'a da ladabi bana shi ake duba wa baɗi. Sau da yawa kuma ana samun tsaka-tsaki. Wanda ya ƙi akuya yana iya yarda da kanari a keji ko zomaye 2, abin da ba ya taka daɓe. Akuyar uwargida tana iya zama wurin 'yan uwa a ƙauye bisa al'adar ba da kiwo, a riƙa raba 'ya'ya. Ragon layya kuwa a saye shi da wuri yadda aka yi niyya, a bar shi hannun mai kiwo a bayan gari ana biyan kuɗin dusa da harawa duk wata, a je da yara ranar Asabar su gan shi. Ana saura kwana 2 Salla sai a kawo shi, a ɗaure a ƙofar gida kusa da na mai gida.